Lasin da Aka Ɗinke a Fata

Ari baduku ya sa bakin aska a ɗinkin layar yana farkewa a hankali, Hajaratu kuwa tana zaune a kan benci a bakin rumfarsa tana azalzalarsa.

"Malam Ari, ka hanzarta, na bar wa makwabciya tukunya a wuta. Yau muna da baƙi."

"Inna, ai fatar nan ta sha gumi har ta ruɓe. Wa yake ɗaura ta?"

"Autana Yunusa, mai rakiyar shanu kudu. Shekara guda ke nan tana damtsensa, rana da ruwa a saman tirela."

Ba fatar kaɗai ta ruɓe ba, har zaren da aka naɗe takardar ciki da shi ya tsittsinke, ledar ma ta yage. Ari bai yi nufin buɗewa ba, don baduku ba ya leƙa cikin layar mutane, amma takardar ta warware da kanta a tafin hannunsa. Ya duba, ya matso da ita kusa da ido, sannan ya dubi Hajaratu.

"Inna, shekara talatin ina ɗinkin laya a garin nan, ban taɓa ganin mai hoto ba."

Ta karɓa. Ga mijinta nan, Malam Bubayaro, da hularsa da gemunsa tun yana baƙi, ga hatimin hukuma an buga masa a kafaɗa. Ari, wanda ya ɗan taɓa boko, ya ce wannan lasin bindiga ne. Nan take Hajaratu ta gane, ta zayyana wa Ari komai.

Ga yadda abin ya faru. Bara, da Yunusa zai yi tafiyarsa ta farko, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta san in ta roƙi Malam laya zai ce yaro ya riƙe addu'a kawai, don haka ta faki idonsa ta buɗe jakar fatar da yake ajiye layun da ya gada wurin mahaifinsa. Ta zaɓi wadda aka fi naɗewa da kyau, a leda, an ɗaure da baƙin zare, don a lissafinta wadda aka fi killacewa ita ce mai ƙarfi. Ta kawo wa Ari ya ɗinke.

Bayan wata biyu lokacin sabunta lasi ya zo, Malam ya duba jaka babu. Ya birkice gida kaf, har buhunan gero sai da aka ɗaga. Yana ta cewa, "A jakar nan na sa shi, da hannuna!" Ita kuwa Hajaratu a ranta lasi wata shimfiɗeɗiyar takarda ce kamar ta fili, ko kusa ba ta kawo layar Yunusa ba. Har taya shi nema ta yi, da gaskiyarta. Da aka gaji, kowa ya shiga ba shi baki, ita ce ma ta fara cewa, "Malam, shekaru ne, ka yi haƙuri."

Malam Bubayaro mutum ne mai tsoron abin magana. Ya ɗauki bindigarsa mai baki biyu, wadda yake gadin garkensa da ita a bayan gari, ya kai wa 'yan sanda ajiya, ya ce ba zai kwana da ita ba takarda ba. Ya yi rantsuwar kotu cewa lasi ya ɓata, ya yi ta sintiri tsakanin garinsu Potiskum da Damaturu. Sai jiya sabon ya fito, aka maido masa da bindigarsa, shi ne yau ya yanka ɗan akuya ya kira abokai.

"Inna," in ji Ari, ya rage murya, "tunda sabo ya fito, ki jefa wannan a murhu ki huta. Ni ban ga komai ba."

Ta ƙulle takardar a bakin zani ta tari Keke Napep zuwa unguwarsu, Dogo Nini. Duk hanya shawarar Ari take juyawa, kuma gaskiya shawarar ta yi mata daɗi. Hajaratu mace ce da ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba tunda aka kawo ta gidan nan, ko tuwo ya ƙone itacen ne ba shi da kyau. In wannan labari ya fita, har jikokinta sai sun ba nasu jikokin.

Ta tarar da gida ya cika da ƙamshin nama. Ta sallami makwabciya, ta tsuguna gaban murhu, ta kwance bakin zani. Wuta tana ci da kyau, aikin ƙiftawar ido ne. Ta miƙa hannu ke nan sai ta jiyo shewar maza daga zaure, da muryar Babagana, aminin Malam tun suna samari a kasuwar shanu.

"Bubayaro, wannan karon ka ba Yunusa ya ajiye maka! Kada gobe ka sa shi a tukunyar miya ka ce a jaka ka sa."

Aka yi dariya. Ta saurara ta ji irin ramuwar da Malam zai yi, don shi ba a kayar da shi a ba'a. Amma sai ta ji ya ce, a sanyaye, "Gaskiyarka. Karɓi, Yunusa, riƙe a wurinka. Kan nan nawa ba na da ba ne."

Hajaratu ta janye hannunta daga wuta. Mutumin da yake gane kowace saniyarsa da kukanta, wanda zai gaya maka ranar da aka haifi kowane maraƙi, yau shi ne yake miƙa wa ɗan autansa takardarsa a gaban mutane. Tausayinsa ya kama ta, kunyar kanta kuma ta rufe ta. Ta miƙe ta leƙa ƙofar zaure ta ce, "A ce da Malam ya shigo."

Ya shigo yana goge maiƙo a hannu. "Lafiya? Nama ya ƙare ne?"

Ba ta iya duban fuskarsa ba, ta miƙa masa takardar kawai. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon hoton.

"A ina?"

"A jakarka, Malam. Inda ka ce ka sa shi. Ni na ɗauka. Na zaci laya ce, na kai aka ɗinke wa yaron nan."

"A jakar?"

"A jakar."

"Cikin leda, da baƙin zare?"

"Haka yake."

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai ta ji wani irin sauti, ta ɗago, ashe dariya ce ta turnuƙe shi har ya dafa bango. Kafin ta yi magana ya yi waje da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ɗaga takardar sama.

"Babagana! Zo ka ga tsufan! A jaka na ce, ko ban ce ba? Wa ya ce tukunyar miya?"

Zaure ya kaure. Tana laɓe a bayan ƙofa tana jin yadda Malam yake ba da labarin, yana ƙara masa gishiri, ana ta salati ana ƙyaƙyatawa. Yunusa ne kaɗai bai yi dariya ba, ya shafa damtsensa ya ce, "To Baffa, ranar da tayarmu ta fashe a gangare muka fita ba ko ƙwarzane, me ya tsare ni?"

"Hatimin hukuma mana," in ji Babagana. "Ita ma tayar ta ga takardunka sun cika."

"Allah ne ya tsare ka, da addu'ar uwarka," in ji Malam. "Miƙo min sabon lasina tukuna."

Aka shiga shawarar yadda za a yi da tsohon. Wani ya ce a ƙone, wani ya ce a sa a gilashi a rataye a zaure don tarihi. Malam ya girgiza kai, ya ce ya sa hannu a ofis cewa duk ranar da tsohon ya fito zai mayar musu, kuma bindiga ɗaya ba ta zama da takarda biyu. Kafin la'asar zai kai shi da kansa.

Ya shiga ɗaki ɗaukar babbar riga, Hajaratu ta bi shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka yafe ni. Ni na fara ce maka shekaru ne."

"Yafiya sai kin ɗauko mayafinki mun tafi tare," ya ce yana zura riga. "Ni na rantse musu ya ɓata. Ke za ki gaya musu sau nawa ya je Legas."

Ta yi dariya, ido yana ƙwalla. Ya gyara hularsa, ya sa tsohon lasin a aljihun gaba, sabon a ɗaya aljihun, ya daddafa su. Har ya kai ƙofa sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Kin san tun lokacin nan, kullum na dawo daga sallar asuba sai na zauna na jera sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, in ga ko akwai wanda ya kuɓuce mini? Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Hajaratu ta yafa mayafinta ta matso kusa da shi.

"Goma sha huɗu ne," ya ce. "Gobe in Allah ya kai mu, barcina zan koma."