Ajin Masu Agana

A shekarar da aka soma yaƙin basasa, agana ta shiga Funtua da bazara. Ta fara da unguwar leburori, inda uba da 'ya'yansa ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Da abin ya yi ƙamari, En'e ta rufe makarantar firamare ta bakin gari, aka fitar da bencina, aka shimfiɗa tabarmi a azuzuwa, aka ce nan za a riƙa jinyar yaran da ba su da mai kula da su a gida.

Malam Aƙilu, malamin asibitin da aka ɗora wa aikin, ya nemi mace mai taya shi ya rasa, kowa gudun ransa yake. Sai wani ya tuna masa da Hansai mai itace.

Hansai Bamagujiya ce daga wajen Gozaki. Ta biyo mijinta Funtua da ya sami aiki a gidan gurzar auduga. Wata aganar da aka yi can baya ta kashe shi, ita kuwa ta bar ta da zanzana fal fuska da ido ɗaya. Ta gwada ƙosai, ba mai saye, ta koma itace.

"Inna, wanda ya taɓa yi ba ya sake kamuwa," in ji Malam Aƙilu. "Za ki iya?"

"Malam, wa zan bari a gida?" Ta ɗauki zanenta ta bi shi.

Aiki ne ba na wasa ba. Dama kunu, wankin tsumma, korar ƙuda, ɗaure hannun masu susa. Waɗansu yaran suka tashi, waɗansu aka naɗe su a tabarma. Duk da haka, rabon Hansai da jin ana kiranta ta ko'ina haka tun tana budurwa a gidan ubanta.

Cikin yaran akwai Tani, yarinya marar uwa. Ubanta Labo dako yake yi a tashar jirgi. Yakan zo bayan la'asar ya tsaya can bakin shinge, don ba a yarda kowa ya matso ba. Hansai takan ɗaga Tani ta taga ya gan ta, ya ɗaga hannu, ya juya.

Ran da ƙurajen suka fara bushewa, Tani ta ƙura mata ido ta ce, "Inna, haka fuskata za ta zama?"

Hansai ta ci gaba da shafa mata man kaɗe. "Taki ba za ta kai tawa ba. Ni ban sami mai riƙe mini hannu ba."

Daga nan yarinyar ta ƙi shan kunu sai daga hannunta. Hansai ta yi mata kitso da ɗan gashin da ya rage, ta koya mata waƙar daɓe ta mutanen Gozaki.

Damina na faɗuwa masu lambar rigakafi suka zo da motarsu, aka bi gida gida, cutar ta lafa. Aka ƙone tabarmi, aka yi wa bango farar ƙasa, aka mai da bencina. Labo ya zo ya durƙusa ya yi godiya, ya ce zai kai Tani Malumfashi wurin ƙanwarsa Mero. Hansai ta koma ɗakinta, ta tarar gara ta cinye rabin itacenta.

Da kaka ta soya gyaɗa ta hau motar kasuwa zuwa Malumfashi. Da tambaya ta gano gidan. Mero ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta kira Tani.

Yarinyar ta fito lulluɓe da mayafi har hanci. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo. Tana ganin fuskar Hansai ta sunkuyar da kai, ta gaishe ta can ƙasa-ƙasa, ta maƙale a bayan gwaggonta.

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Mero. "Yara na tsokanarta a rijiya. Ba ta son a tuna mata."

"Ai gaskiyarta," in ji Hansai.

Ta ajiye ƙullin gyaɗar a gefen tabarma, ta sha ruwan da aka kawo mata, ta yi sallama. A tasha aka ce motar Funtua sai ta cika, ta nemi inuwa ta zauna.