Tanka Mai Sulken Gwangwani

"Koma baya! Kai Gwangwani, koma baya na ce!"

Mai Aski ya danna madanni da yatsan tsakiya, tankarsa ta ja da baya ta shige bayan wani rusasshen bango. Harsashin da aka aiko masa ya wuce ta sama ya tarwatsa wata bishiya. Ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara abin sauraron da ke kunnensa.

"Saura ƙiris," ya ce.

"Saura ƙiris ɗin gidanku," in ji muryar Katanga a kunnensa. "Sau nawa zan gaya maka? Tankarka ba ta tsayawa kallon-kallo. Ka leƙa, ka harba, ka ɓace."

Katanga mai walda ne, abokinsa tun suna samari, kuma garejinsa na kan titi ɗaya da shagon askin. Faɗin bayansa ne ya jawo masa sunan. Ranar da ciwon ya kayar da Mai Aski a tsakiyar shago da matsefi a hannu, shi ya ciccibe shi zuwa asibiti. Ɓarin hagu ne ya shanye. A hankali ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, amma hannun ya zauna kamar na aro. Malamar asibiti ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Ya matsa na ɗan lokaci, ran nan haushi ya kama shi ya cilla ta bayan kabad, kuma har yau tana can.

Sai ga Katanga da tsohuwar kwamfutarsa a ƙarƙashin hammata, ya dire ta a teburin falo ya ce za su riƙa buga wasan yaƙin tankoki ta intanet. A wasan akwai manyan tankoki masu kaurin sulke, waɗanda mutum zai kafa a lungu ya yi ta harbi da hannun dama kawai. Irinsu Mai Aski ya so. Katanga ya ce allambaran, shi ne zai hau babbar. Ya zaɓa masa matsakaiciya, mai gudu da bindiga mai kyau, amma sulkenta ko tari aka yi mata sai ya huje. Irin wannan tanka ba ta da abin kariya sai motsi, motsin kuwa duk a hannun hagu yake: yatsan tsakiya gaba da baya, manuni dama, yatsan zobe hagu.

Kai, an sha kallo a farkon nan! Yatsan zobe ya ƙi ko motsi, don haka tankar ba ta san hagu ba, sai ta yi ta zagaye wuri guda kamar akuya a turke har a zo a ƙone ta. Baƙin da aka haɗa su rukuni ɗaya su yi ta rubuto zagi, Allah ya taimake shi ba ya jin yarensu. Daga baya ya samo dabara: in zai juya hagu sai ya ɗage yatsan tsakiya ya kai shi can. To amma yin haka sai tanka ta tsaya cak, tanka irin tasa kuwa in ta tsaya ta mutu. Shi ya sa kullum ta dama yake zagayawa, Katanga na tsaye a gaba yana shan duka dominsa.

Yau makullin shagon na ajiye kusa da madannan. Ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Ɗan Waya, ya daɗe yana neman wurin da zai kafa sana'arsa ta sayar da wayoyi, kuma tsakani da Allah yaron bai matsa ba. Mai Aski da kansa ya kira shi ya ce su haɗu a shagon da hantsi ya karɓi makulli. Ya taɓa gwada riƙe matsefi a ɓoye a banɗaki, ya suɓuce ya faɗi, bai sake gwadawa ba. Me zai ci gaba da yi da kujera da madubi? Wannan yaƙin ma na sallama ne, don ya rage zafin zuciya kafin ya fita.

"An cinye 'yan rukuninmu kaf," in ji Katanga. "Saura ni da kai. Suna bakin kasuwa, na tare musu titi. Zagayo ta bayansu."

Mai Aski ya karkata dama, sai ya tarar da wata ƙonanniyar tanka ta toshe hanyar, hayaƙi na tashi.

"Dama a toshe take."

"To bi ta hagu mana."

"Ka san ba na hagu."

"Yau za ka yi. Sun tsinka min sarƙa, ba inda zan je. In ka tsaya lissafi gawata za ka tarar."

Yana jin ƙarar harsasai na dukan tankar Katanga, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan ganga ta ƙarfe. Lungun hagu siriri ne, ga lanƙwasa bayan lanƙwasa, kuma akwai wani buɗaɗɗen fili a tsakiya da in ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne an gama da shi. Ya cije leɓe ya danna gaba. Tankar ta zabura. Bango ya taso masa, ya kauce. Wani ya sake tasowa, ya kauce. Ya ratsa filin a guje, harsashi ya tona ƙasa a bayansa, ya sha kwana ya ɓullo daidai bayan abokan gaba, inda sulkensu ba shi da kauri.

"Harba! Harba, ɗan gwangwani!"

Ya harba, ta farko ta kama da wuta. Ya ja baya, ya leƙo ta ɗaya gefen, ya sake harbawa, kan ta biyu ya yi sama. Yana cikin ihu ta ukun ta gama da Katanga, ta juyo a tsanake ta ba shi guda ɗaya tak. Allon ya yi ja. An cinye su.

"Madalla," in ji Katanga yana dariya. "An kashe mu da daraja. Bari in je in kama aiki." Ya katse.

Mai Aski ya cire abin sauraron, sai ya ga matarsa tsaye a bayansa da rigarsa da ta goge a hannu. Ba allon take kallo ba.

"Baban yara, dubi hannunka."

Ya duba. Yatsan tsakiya na kan madannin gaba, yatsan zobe kuma na kan na hagu, yana ɗan rawa, amma a danne yake. Ashe duk lungun nan bai ɗage yatsa ko sau ɗaya ba.

"Na ga yana yi tun makon jiya," ta ce a hankali. "Na ji tsoron in faɗa ka tsargu ya daina."

Gabansa ya faɗi, irin faɗuwar da mutum ba ya sanin ta murna ce ko ta tsoro. Ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Danna madanni daban, riƙe kunnen mutum ga reza a kusa daban," ya ce. "Na riga na yi wa yaron nan alkawari. Ba ni rigar."

Ta taya shi saka maɓallai kamar kullum, ya ɗauki makullin ya fita.

Motar haya ta sauke shi a bakin titin. Mai gyaran takalmi ya ɗaga masa hannu, mai kantin magani ta leƙo tana masa barka da fitowa, ya amsa ba tare da ya tsaya ba, don ba ya son a ga idonsa. Ɗan Waya na jiransa a ƙofar shago da abin awo a hannu. Ya rusuna ya gaishe shi, ya karɓi makullin ya buɗe, ya tura ƙofar ƙarfen sama, sannan ya miƙo masa abinsa.

"Riƙe tukuna, Yaya, sai ka gama kwashe kayanka."

Komai na nan yadda ya bar shi. Madubin ya yi ƙura, kujerar na nan da facin da ya yi mata a hannun dama, tawul ɗin da ya rataya a ranar ya bushe ya ƙandare a jikin ƙusa. Har matsefin da ya faɗi wani ya ɗauka ya ɗora a kan kanta. Ɗan Waya ya fara auna bango yana bayanin inda akwatin gilashi zai zauna, Mai Aski na gyaɗa kai, ba abin da yake ji.

Ƙofar ta yi duhu. Katanga ne, da rigar aiki mai ƙone-ƙonen walda da hular ulun nan da ya maƙale wa tun kwanciyar Mai Aski, ko ana zafi kamar me. Bai yi wa kowa sallama ta kirki ba. Ya wuce ya kaɗe kujerar da tafin hannu, ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Sannan ya tuɓe hular.

"Innalillahi!" in ji Ɗan Waya, abin awon ya zuge ya koma gidansa.

Gashi ne ya taso buya-buya, a cukurkuɗe, fari da baƙi, ya rufe kunnuwa ya gangaro ƙeya. Mai Aski ya tsaya baki buɗe. Mutumin da a da ba ya haɗa mako biyu bai zauna a kujerar nan ba.

"Kai, wane irin hauka ne wannan?"

"Wanzamina ne ya tafi hutu," in ji Katanga. "Matata ta ce ta gaji da zama da kurmi, jiya har almakashi na gani a ƙarƙashin matashinta. Ka taimaka ka rufa min asiri."

"Masu aski sun ƙare a garin ne?"

"Ban sani ba, ban duba ba."

Mai Aski ya matso kusa da kujerar. Ya ɗaga hannun hagun ya nuna masa. "Kalli abin da kake so ya riƙe maka kunne. In na yanke ka fa?"

"Watanni ina tsaye a gabanka ana antaya min harsashi, reza ce za ta ba ni tsoro? Sulkena da kauri. Ɗaura min ƙyalle, ina da ƙofar mutane da ban gama ba."

Ɗan Waya, ba wanda ya sa shi, ya jona injin askin a wuta, ya kaɗe ƙyallen ya miƙo. Mai Aski ya ɗiga wa injin mai, ya kunna. Ƙarar ta ratsa shi har ƙafa. Ya fara daga ƙeya, inda hannun dama kaɗai ya isa, gashi na zubowa dunƙule-dunƙule. Da ya iso kunne sai ya tsaya. Ya kai hannun hagu a hankali, yatsun na rawa, ya ɗora yatsan zobe a bayan kunnen ya lanƙwasa shi ƙasa. Kunnen ya zame. Ya sake kamawa. A karo na biyu ya zauna, injin ya bi ta bayansa sumul.

Ya gama ɗaya gefen, ya saka sabuwar reza, ya ja fatar goshi da yatsu biyu ya fara fitar da layi. Gumi na bin bayansa. Saura kaɗan ya gama, yatsan ya gaji ya saki, rezar ta ɗan ci fata a saman gira. Jini ya tsatso kamar ƙwayar gero.

"Na yanke ka," ya ce.

Katanga ya karkata kai ya duba madubi. "Wannan? Ya zame, bai huda ba. Ci gaba."

Mai Aski ya goge da auduga, ya yarfe hannun, ya sake jan fatar ya ƙarasa. Da ya kwance ƙyallen, ga Katangan da ya sani a madubi, da ƙaton kansa da layi a miƙe, in ban da ɗan wuri guda. Mai Aski ya dafa kafaɗarsa, kuma bai ji kunyar hawayen da ya zubo masa ba.

"Da gangan ka ba ni gwangwanin nan."

"To da fa? Malamar asibiti ta ce yatsu su yi aiki, kai kuma ka yi wa ƙwallonta korar kare."

"Na gode, ɗan'uwa. Wallahi ban san da bakin da zan gode maka ba."

"In ka gode da gaske, gobe ka hau babbar ka dawo min da abata," in ji Katanga yana karkaɗe wuya. "Ni fa gwangwanin nan ita ce tankata tun asali. Waccan ƙatuwar na tsane ta, kamar tura motar da ta mutu."

"Ba ka isa ba. Yanzu na fara koyon hagu."

Katanga ya yi dariya, ya cusa hular ulun a kwandon shara, ya fita yana shafa kai.

Ɗan Waya na tsaye a jikin bango yana juya abin awo a hannu, ya kalli gashin da ke ƙasa, ya kalli makullin da ke kan kanta.

"Yaya," ya ce, "dama akwai wani shago a bayan tasha da aka yi min maganarsa. Ya ma fi nan mutane."

Mai Aski ya san babu daɗi a ran yaron, ya kuma san ƙarya yake yi game da mutanen. Ya dube shi da kyau, daga fuska har ƙeya.

"Gobe tare za mu je mu gani, ni zan yi magana da mai wurin. Amma tsaya, wa ya yi maka wannan askin?"

"Wani ne a unguwarmu."

"Allah ya shirye shi. Zauna."

Ya kai hannun hagu ya ɗauki makullin daga kan kanta. Sai da ya ɗan yi fama kafin ya samu bakin aljihu, sannan ya sake shi ciki ya kaɗe ƙyallen.