Gidan da Ba a Cewa Babu

Kakansu da ƙusa ya fara. Tebur ɗaya a bakin kasuwa, da gwangwanayen ƙusoshi, da doka guda da ya ɗora wa kansa: mai saye ba zai taɓa jin "babu" daga bakinsa ba. In an tambayi abin da ba shi da shi, sai ya ce akwai, ya ba mutum kujera, ya zaga bayan rumfa da gudu ya nemo wurin maƙwabta, ko da ba zai ci riba ba. Da wannan gudun ya kai ga shago, daga shago zuwa masana'antar kwanon rufi, har ta kai rabin gari a ƙarƙashin kwanon Mai Ƙusa suke kwana.

'Ya'yansa sun gaji kalmar, ba su gaji gudun ba. Baffa, babban ɗansa, ya hau kujera ya yi ta sayen motoci yana canza labule. Injuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, aka sayar wa 'yan gwangwan a ɓoye. Yanzu in ana ruwa bokitai ake jerawa a benen masu kwanon rufi, firijin falo kuwa takalma ake ajiyewa a ciki. Duk da haka yaron da ya ce babu sukari sai an make masa baki. Sukari yana hanya, haka ake cewa. Wuta tana hanya, kuɗin makaranta yana hanya. Mutane ashirin a gida ɗaya, kowa zaune yana jiran abin da ba wanda ya tashi ya ɗauko.

Auta, 'yar ƙanin Baffa, ita ce mai koyar da lissafi a sakandare, kuma albashinta ake dafawa a gidan, ba mai faɗa. Da ƙodojin babanta suka daina aiki, ita ta yi ta zarya har ta gano wani sashe a asibiti inda ake wankin ƙoda kyauta ga marasa hali. Gurbi ɗaya ya rage. Jami'ar da ke tantancewa ta ji sunan gidan sai ta yi dariya, ta ce ai kwanonsu ne a kan ɗakin uwarta. Ba za ta ba ɗan Mai Ƙusa gadon talaka ba sai babban gidan ya zo ya faɗa da bakinsa cewa ba su da hali.

Da safe Auta ta sami Baffa yana goge takalmi da tsohuwar safa. Ta durƙusa ta yi masa bayani dalla-dalla: kalma ɗaya ce, ba wanda zai ji sai mace ɗaya a ɗaki rufe, kuma likita ya ce in ba a fara wankin a makon nan ba ruwa zai kai huhu. Baffa ya hura takalmin, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ya san yadda ake magana da ma'aikata tun ba a haife ta ba. Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce boko dai ya lalata wa yarinyar nan harshe, ko kunyar furta abin ba ta ji.

A bencin asibiti akwai wata mata mai kumburarrun ƙafafu, mijinta na yi mata fifita da kwali. Aka shiga da Baba, mahaifin Auta, a keken marasa lafiya, fuskarsa ta cika har idanun sun shige. Jami'ar ta gaishe da Baffa da girmamawa, sannan ta tambaya ko iyalin suna da halin ɗaukar nauyin jinyar.

Baffa ya gyara zama, ya ɗora ƙafa kan ƙafa don a ga takalmin.

"Akwai," ya ce. "Wasu 'yan kaya ne dai suke hanya."

"Babu," in ji Auta. Ba ta rage murya ba. "Babu ko na allura. Mun sayar da injuna, mun sayar da motoci, jiya da bashin mai shago muka ci abinci. Baffa, ƙaninka ne fa."

Baffa ko kallonta bai yi ba. Ya yi wa jami'ar murmushi, ya ce yaran zamani ke nan, a yi haƙuri. Jami'ar ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce to mai jikin ya raba gardama. Auta ta riƙe hannun babanta, mai sanyi da taushi kamar an cika shi da ruwa, ta ce masa a hankali, Baba, don Allah.

Baba ya daɗe yana kallon yayansa. Ya lashi busassun leɓɓansa, ya yi ƙoƙarin miƙe wuya.

"Akwai, ranki ya daɗe," ya ce.

Jami'ar ta ɗaga kafaɗa ta ce a shigo da na gaba.

A bakin ƙofa mijin matar nan mai kumburarrun ƙafafu ya gane Baffa. Ashe tsohon mai yankan kwano ne a masana'antar, wanda aka sallama ba sallama. Da ya fahimci gurbin ya dawo kan matarsa sai ya zube ƙasa yana godiya, yana cewa gidan alheri ba ya ƙarewa. Baffa ya dafa kansa ya ce ba komai, sun saba. Kafin su kai bakin titi ya riga ya gaya wa mutum biyu cewa sun bar wa wani bawan Allah gurbinsu sadaka.

A tasi numfashin Baba ake ta ji, mai kama da ana jan ruwa da tsinke. Da suka kusa unguwa Baffa ya taɓa kafaɗar direba ya ce ya tsaya nan kwanar, kada maƙwabta su ga 'yan gidan suna fitowa daga motar haya. Auta ta ce Baba ba zai iya takawa ba. Baffa ya riga ya fita.

Baba ya yi taku uku ya durƙushe a bakin kwata. Ta tattare zanenta, ta juya masa baya, direban ya taimaka ya ɗora mata shi. Nauyin ruwan da ke jikinsa ya sa gwiwoyinta na karkarwa. Can gaba Baffa na tafiya a natse, yana ɗaga wa masu shaguna hannu, yana amsa gaisuwa.