An Tura Kan Uwa

Saura awa biyu masu asibiti su zo ganin manhajar, Anti ta buɗe rumbun aikin ta tarar sashenta babu. Sashen rajistar marasa lafiya ne, aikin sati uku, kuma shi za a nuna.

"Kowa ya ɗauke hannu daga kwamfuta," in ji Oga. "Wa ya tura aiki yau?"

Su huɗu ne a ɗakin, ƙarƙashin fanka ɗaya. Dokarsu kowa ya yi aiki a reshensa, wato nasa ɓangaren na rumbun. Babban reshen, wanda suke kira uwa, ba a taɓa shi sai mutum biyu sun duba.

Dogo ya ɗaga yatsa a hankali.

"Na tura da safe ya ƙi shiga, sai na tura da ƙarfi. Na ɗauka reshena ne."

"Kan uwa ka tura, Dogo!" in ji Oga. "Tsohon kwafinka ya danne na kowa. Tsawon nan naka bai kai ka ga allo ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Oga ya juyo.

"Anti, ai kina da naki kwafin."

"Jiya da yamma kwamfutata ta mutu, mai gyara ya wanke ta tas. Kai fa?"

"Rabona da jawo kwafi daga uwa tun watan jiya."

Suka dubi Kawu mai gwajin manhaja, babbansu a shekaru, wanda yake zaune bakin taga.

"Shekaranjiya na jawo," ya ce. "Amma yau ma na sake, bayan ɓarnar, ta danne nawa kwafin."

Anti ta dafe kai.

"Tsaya, 'yata. Na'urar ba ta zubar da abu nan take. Tana rubuta duk inda uwa ta taɓa tsayawa."

Ya gyara tabarau, yana buga haruffa da yatsa biyu. Jerin ya fito. Ya bi shi layi-layi da farce, Dogo na numfashi a ƙeyarsa.

"Matsa, ka tare min iska."

A layi na shida, na shekaranjiya, ya tsaya, ya buɗe sabon reshe daga nan. Rajistar ta bayyana.

Anti ta duba sau biyu. "Aikin jiya babu. Gurbin ranar haihuwa da lambar kati."

"Awa nawa?" in ji Oga.

"Ɗaya da rabi, in ba a yi min magana ba." Ta miƙa wa Dogo littafin da ta rubuta tsarin aikin a ciki. "Zauna nan. Karanto min, kada hannunka ya taɓa komai."