Garken Naziru

Malam Hadi na Tsanyawa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba zai ba da 'yarsa Zulaihatu ga mai sana'ar da ido ba ya gani ba. Naziru kuwa, da son yarinyar ya hana shi sakat, tasa sana'ar ke nan. A wani ɗakin bincike a Kano suke neman allurar rigakafin zazzaɓin da wasu mitsi-mitsin ƙwari na cikin ciyawa ke sa wa mutum. Ƙwarin ma a kwalabe suke renon su.

Ranar neman aure aka sa Muntaka, kawun Naziru, a gaba, mutumin da bakinsa ya fi tunaninsa sauri.

"Mece ce sana'ar yaron?" in ji Malam.

"Kiwo yake, Allah gafarta Malam."

"Madalla! Kai nawa?"

"Ai ba sa ƙirguwa."

Tsakani da Allah, Muntaka bai yi ƙarya ba. Sai dai Malam ya ce gani ya kori ji. Ya zuba babbar riga, ya shiga bas, har da buhun dusa na tsaraba. Da ya iso ɗakin binciken, Naziru ya tarbe shi, yana satar kallon buhun nan.

"Ina turken?" in ji Malam.

Naziru ya nuna kwalba. Malam ya duba, bai ga komai ba, fuskarsa ta fara haɗewa. Sai Naziru ya ɗora ƙwaro ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma.

Malam na leƙawa ya yi ido huɗu da wani jan dodo mai gashi da ƙafa shida. Ya yi baya har hula ta faɗi.

"A'uzu billahi! Wannan kake ciyarwa?"

"Shi ne, Baba. In ya ciji manomi, sai ya kwantar da shi ana tsakiyar noma. Kafin ya tashi ciyawa ta cinye gero. Abin da muke son hanawa ke nan."

Malam ya gyaɗa kai. Shi ma manomi ne, ya san ɓarnar da ciwo ke yi wa gona. Ya kaɗe hularsa ya mayar.

"To, na gani da idona. Na ba ka ita." Ya saɓa buhun dusarsa, ya juyo daga bakin ƙofa. "Amma in Allah ya kawo rabo, ranar suna kada ka yanka mana daga garkenka."