Ɗinkin Buhun Albasa

Ɗaya Malam Bala ya zo ɗauka, ya tafi da biyu, kuma bai yafe wa ta biyun ba.

Ya tsayar da babur ne a ƙofar makarantar firamare a Jega Firchin, ya ce wa ɗansa Waliyyu ya hau, za su je suna Maiyama. Waliyyu shekararsa shida, a wurinsa suna nama ne, don haka ya hau. Yayarsa Raihanatu kuwa ta kai goma sha biyu, ta kuma san ubansu bai taɓa kai yaro sunan kowa ba, ko kafin ya saki Innarsu. Babur na tashi ta ɗare baya ta riƙe ƙarfe. Ya ce ta sauka. Ta ce to, ba ta sauka ba. Mutane suka fara kallo. Malam Bala mutum ne mai kunyar idon jama'a, sai ya ja babur. Da suka fita gari bai bi hanyar Maiyama ba, ya karkata ta Aliero.

Dangin Inna suka yi ta bin gidajen suna a Maiyama, yaran kuwa suna Kashin Zama, gidan kakanninsu, ana tsakiyar cirar albasa.

Malam Bala bai ɗauki abin da ya yi a matsayin sata ba. Yana da hujja, yana kuma maimaita ta ga duk wanda bai tambaye shi ba: namiji na uba ne, mata sun lalata masa yaro da shayi da rigar sanyi. Da Raihanatu ta ce masa Waliyyu na da sikila, ba a sa shi cikin ruwan sanyi, sai ya ce a gidansu ba a gadon ciwon asibiti. Washegari da sassafe ya kai shi fadama, ya ba shi tiyon ban ruwa ya riƙe a sauran fangalin albasar da ba a cire ba, ruwa har gwiwa. Kafin azahar yaron yana birgima a tabarma, yana cewa ana sara masa ƙashi. Raihanatu ce ta dafa ruwa, ta yi ta gasa masa gaɓoɓi da tsumma. Uban ya leƙo, ya ce sabo ne, jiki na koyon aiki.

Daga ranar ba ta sake kiransa Baba ba. Ba ta kira shi da wani sunan ba kuma. In ya yi magana takan dubi ƙafarsa ne ta amsa.

Daga ƙarshe wani direban motar albasa ya kai labari Jega. Kawu Ɗanlami, ƙanen Inna, ya iso a kan babur da ƙura har gira. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, kusa da inda ake cika buhuna, aka kira Malam Shehu, dattijon da ke sasanta rigimar iyakar gona. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi kasuwar albasa, aka yi Allah wadai da tsadar taki. Sannan aka tuna da yaran.

Malam Shehu ya saba da rabon amfanin gona tsakanin mai fili da mai aiki, kuma bai ga dalilin sauya ma'auni ba.

"Abin ga ba shi da wuya," in ji shi. "Biyu na. Namiji shi zauna wurin uba, ɗiya mace ta koma ga uwatta. Kowa ya samu."

Kowa ya gyaɗa kai. Har Kawu Ɗanlami, wanda ya taho da alwashin ba zai koma ba sai da duka biyun, ya ga komawa da rabi ta fi komawa hannu sake. Aka shafa fatiha. Ba wanda ya dubi bayan buhuna, inda rabon yake zaune yana sauraro.

Raihanatu tana son komawa. Tana son ɗakin Inna, da tuwon da ba ya warin albasa, da jarabawar shiga sakandare da ta ƙarato. Har ƙafarta ta motsa. Sai Waliyyu ya ce, a hankali, "Yaya, in kin tafi wa zai dafa ruwan?"

Aikin da aka ba ta a gidan shi ne ɗinke bakin buhu, basilla da igiya suna hannunta. Ta jawo gefen rigar Waliyyu, ta haɗa da bakin zanenta, ta soka. Ta yi ɗinkin yadda aka koya mata da tsawa: a matse, a ninka, a ƙulle ƙarshe yadda ko an jefa buhu daga saman mota ba zai buɗe ba. Ta bi tun daga hammatarsa har ƙugu.

"Raihanatu, taho mu tai," in ji Kawu.

Suka fito tare, kafaɗa a haƙarƙari, suna tafiya kamar ƙaguwa.

"Mi na haka?" Malam Bala ya daka tsawa.

"An ce a raba," ta ce, tana duban ƙafarsa. "A raba."

"Ke, ni za ki kunyata gaban mutane?"

"Ni ban kira su ba."

Ya zaro wuƙar yankan ganyen albasa daga aljihu. Waliyyu ya ƙanƙame rigarsa da hannu biyu, ya fasa ihu. Matan gida suka leƙo ta saman zana, masu cika buhu suka dakata. Malam Bala ya tsaya da wuƙa a hannu a kan 'ya'yansa, ya dubi idanun da ke kallonsa, sai ya miƙa wa Kawu Ɗanlami ƙotar.

"Kai ka zo ɗaukarta. Yanke."

"Ni?" Kawu ya mai da hannuwansa baya. "In shiga tsakanin 'yan ciki ɗaya da wuƙa, in koma in ce ma uwarsu mi? Malam Shehu ya yi hukunci, shi cika."

Malam Shehu ya ce shi da baki yake rabo, kuma idonsa ba ya ganin zare sosai yanzu. Ya ba da shawarar a kira mace. Matan suka ɓace daga saman zana.

Raihanatu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ɗazu da fatiha suka raba ta da ƙanenta, ba wanda muryarsa ta yi rawa. Yanzu igiyar buhu ta gagare su. Ta so ta yi dariya, amma ta san in ta buɗe baki ba dariya ce za ta fito ba.

Ladan ya kira la'asar. Ba a taɓa amsa kiran salla da sauri irin na ranar ba a Kashin Zama. Malam Bala ya ajiye wuƙar a kan buhu kamar ba tasa ba, ya ce za a ƙarasa magana in an idar.

Kawu Ɗanlami ya tsaya yana gyara hula, bai iya haɗa ido da ita ba.

"In ba a daidaita ba fa, ɗiyata? Mi zan ce ma Innarku?"

"Ka ce ta aiko da maganinsa. Da rigar sanyi."

"Jarabawarki fa?"

"Da rigar sanyi, Kawu."

Ya bi sauran. Fili ya rage daga su sai buhuna da babura biyu. Waliyyu ya share hanci da hannun da ba a ɗinke ba, ya ɗaga kai.

"Yaya, fitsari nake ji."

Ta dubi ɗinkin, ta dubi bayan gida can ƙarshen zana.

"Ƙafar dama za ka fara ɗagawa," ta ce. "Kada ka ja."