Ciyawar Gonar Gazali

Maigidana Gazali mutum ne da ba ya jin an ce gayya ya zauna. Tun da na shigo gidansa a ƙauyenmu na gefen Korgom, babu gonar da ba ta san hauyarsa ba. Sai ya bar tamu rabi da rabi ya tafi noman ta wani. In na yi magana ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na gaji da faɗa, na sa masa ido.

Bana ruwa ya sauka da kyau, hatsi ya tsiro, sai ya faɗo daga kan moto a hanyar Tasawa, ƙafa ta karye. Maɗori ya ɗaure ta, ya ce kada ta taɓa ƙasa. 'Ya'yanmu duk mata ne, suna gidajen aurensu can nesa, gonar nan kuwa ita ce cinmu na shekara. Ciyawa ta taso ta fara shaƙe hatsi. In ba a nome ta a wannan makon ba, rumbunmu wayam zai zauna.

Sai muka kira gayya. Na daka, na dama fura, na tuƙa tuwo, aka yanka ɗan bunsurunmu. Gazali ya sa aka kai shi gindin gawo a bakin gona, wai kada mutane su zo su rasa mai yi musu sannu.

Hantsi ya yi, rana ta take. Tsofaffi biyu ne suka zo, suka yi iyakar ƙarfinsu, suka zauna suna haki. Sauran kuwa, wannan ya tafi kasuwa, wancan ya samu ƙwadago a gonar wani alhaji. Amma da na dawo da tukwane gida, kwanoni suka yi ta shigowa daga maƙwabta, an ji an yi yanka. Na zuba musu. Da ya lalace fa?

"Kowa da uzurinshi, Safa," in ji Gazali. "Rayyanu dai zai zo."

Rayyanu abokinsa ne tun na ƙuruciya. Shekarar da ya tafi ci-rani damina ta riske shi a can, Gazali ne ya nome masa gona, ya girbe, ya zuba a rumbu.

Ya zo kuwa, wata safiya bayan mako ya shige. Na ga fuskar Gazali ta washe, har yana ƙoƙarin gyara zama. Suka gaisa, Rayyanu ya yi masa ya jiki, sannan ya matso kusa.

"Na biyo ta gonarka, wallahi ciyawa ta yi kyau, ta wuce gwiwa. Nac ce bari in roƙe ka kahin wasu su riga ni, in yankar ma ragunana. Tun da hatsin dai bana ya riga ya tahi."

Na ɗauka zan yi zagi. Amma don gajiya sai kawai na samu wuri na zauna. Gazali ya sunkuyar da kai.

"Tahi ka yanka," ya ce.

Rayyanu ya yi godiya ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

"Af, laujena ya dushe. Ko naka na kusa?"

Gazali bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Safa, ɗauko mishi."